Almu da Jandarman Baranda

Almu mutumin Damagaram ne, ni kuwa Bakano, saboda haka tun ranar da aka haɗa mu aiki ban taɓa gaya masa magana mai daɗi ba, shi ma bai taɓa raga mini ba. Kakanninmu ne suka gwabza yaƙinsu har suka gaji, suka bar mana tsokana gado. In ya ga na kalli abu sau biyu, ko motar kashe gobara ce, sai ya ce, "Bakano, nawa za ka sayar?" Ni kuma ba na kiransa komai sai bawana. Da haka muka tsufa a Washington, shi ya yi furfura, ni na yi sanƙo.

A unguwar Birni aka haife shi, cikin Zinder, a gidan majema. Ya ce tun yana ƙarami hancinsa ya ƙi sana'ar gidansu, sai kunnensa ya nemo masa wata. Ya fara da gyaran rediyo a bakin kasuwa, ya tafi Yamai ya zama mai haɗa sauti, daga can aka ɗauko shi zuwa sashen Hausa na gidan rediyon da muka yi wa aiki a nan. Mu ne masu surutu a gaban makirfo, shi yana bayan gilashi da abin saurare a kunne, yana ɗaga wannan yana sauke wancan. Daga Agadas har Kumasi ba wanda ya san sunansa, amma duk wanda ya taɓa cewa muryar wani daga cikinmu tana da daɗi, aikin Almu ya ji.

Abokin gabarsa ɗaya ne a duniya, shi ne ƙugi. Wani ɗan zuuu ne da ke shiga layi idan wata waya ba ta zauna da kyau ba. Mu ba ma jin sa. Shi kuwa sai ka ga ya ɓata rai ya ɗaga hannu a dakata, ya shiga ƙarƙashin tebur da rarrafe. Na taɓa ganin ya ajiye cinyar kaza a wurin walimar suna ya tafi gyaran lasifikar mutane, ba wanda ya sa shi.

Da aikin ya ƙare mana, wanda wani labari ne daban kuma na gaji da ba da shi, kowa ya kama gabansa. Ni na koma jigilar fasinja. Shi ya koma kai saƙo ƙofa-ƙofa, mutumin da ya ba sittin baya yana hawa bene da kwalin abincin karen wani. A ƙarshen hunturu ya yanke jiki ya faɗi a gaban wani shagon kayan miyar gida a Wheaton, da ledar kuka da daddawa a hannu. Hawan jini ne. Ya farfaɗo da ɓarin hagu a shanye, baki ya ɗan karkace, amma bai karkace yadda zai hana shi zagina ba.

Gidansu a Beltsville yake, a sama, sai an hau bene. Matarsa Habibatu a gidan kula da tsofaffi take aiki. Ta wuni tana ɗaga tsofaffin wasu, ta dawo ta ɗaga nata. 'Yarsu guda ce, tana karatu a wata jiha mai nisa. Ba a daɗe ba ciwon baya ya kama Habibatu, har takan yi salla a zaune. Likitoci ba su yi kwana-kwana ba: in lokacin zafi ya wuce Almu bai iya saukowa daga benen nan ya taka da sanda da kansa ba, zaman gida ya ƙare, sai a kai shi inda ake kula da irinsa. Har an ce akwai gadon da za a iya samar masa a wurin aikin matarsa.

Almu ya ji, ya juya fuskarsa bango. Kowa ya san yadda irin wannan gida yake faɗuwa a kunnen mutanenmu, wato inda ake ajiye wanda nasa suka gaji da shi. Na zaci tsoron wurin zai tashe shi. Ina! Sai ma ya ƙara kwantar da shi.

Mai zuwa motsa masa jiki wata ce Edna, mutuniyar Zonkwa, gajera mai ƙarfin hannu, Hausarta ta fi tawa kaifi. Ta yi lallami, ta yi faɗa, ta kawo ƙwallon roba ta ce ya riƙa matsawa. Ya karɓa ya ce, "Mersi, Madam," ya sa a ƙarƙashin filo. In ta tsayar da shi sai ya saki jiki kamar buhun da aka zazzage.

"Baba Almu, ƙafar nan ba ta mutu ba fa," in ji ta. "Kai ne ka yi mata sallar gawa tun da ranta."

"To ki bar ta ta huta, Madam. Ta yi tafiya daga Zinder."

"A jirgi ta zo," na ce. "Ni na ɗauko ka a filin jirgi, bawana, da jakarka mai warin kilishi."

Ko murmushi bai yi ba. Ranar na san abin ya yi nisa.

A farkon zafi ne wata safiya ya tari Habibatu da mita, wai akwai wayar da ba ta zauna ba a gidan. Ta dawo daga aikin dare ke nan, ko takalmi ba ta cire ba. Ya sa ta kashe firji, ta kashe talabijin, ta zare cajar waya. Ya ce har yanzu yana ji, yana zuwa yana ɗaukewa. Ta ce masa ita ba ta jin komai sai bayanta, ta shige ɗaki. Da ta fito ba ta same shi a gado ba. Ya ja jiki, ya bi bango, ya kama kujera, har ya kai ƙofar gilashin baranda. Tun dawowarsa daga asibiti wannan ce tafiya ta farko da ba wanda ya roƙe shi ya yi.

Ina tsakiyar Silver Spring da fasinja ya kira ni.

"Bakano, zo ka ga sha-kauci."

"Sha-kauci a Maryland? Wa ya ba shi biza?"

"Ka zo dai. Kar ka taho da keji, ba na sayarwa ba ne."

Maƙwabcinsu na ƙasa yana da wata shuka mai yaɗo da ta hau har barandarsu, furenta ja kamar bakin algaita. Na zauna kusa da Almu muna kallon fure kamar marasa aikin yi, wanda kusan hakan ne. Can sai ya ɗaga hannun dama, irin ɗagawar da yake mana a bayan gilashi. Ni ban ji komai ba. Sai ga wani ɗan abu kamar babban yatsa ya bayyana a gaban furen, ba a ga daga inda ya fito ba. Ya tsaya cak a iska, fukafukan ba sa ganuwa, sai dishi-dishi. Ya zura baki, ya ja da baya, ya koma na gaba. Bayansa kore ne mai sheƙi. Maƙogwaronsa baƙi na gani da fari, da ya juyo wajen rana sai ya kama ja kamar an hura garwashi. Kafin in ce wani abu ya ɓace.

Almu ya ce a bayan majemar babansa akwai bagaruwa da yawa, ita suke jima da ita, kauci kuma ya hau kansu. In kaucin ya yi fure sai sha-kauci su cika wurin, su ne kaɗai abu mai kyau a unguwar da kowa ke toshe hanci. Ya rantse wannan shi ne.

Edna ta ce ba shi ba ne. Ta san sha-kauci a gida, wannan kuma ta gan shi a barandar tsofaffin Turawa da yawa da take zuwa motsa wa jiki. Sunansa ma da Turanci daga wannan ƙugin fukafukan aka samo shi. Da zafi yake zuwa, in sanyi ya ƙarato ya yi kudu.

Aka yi ta musu, kuma musun ya yi wa Almu amfani fiye da ƙwallon roba. Don ya kayar da Edna sai ya zauna a baranda ya sa ido, kuma abin da idon ya gaya masa bai goyi bayansa ba. Bakin sha-kauci a lanƙwashe yake kamar lauje, na wannan a miƙe kamar allura. Sha-kauci yakan sami reshe ya zauna ya sha abinsa cikin mutunci, wannan a tsaye a iska yake sha, kamar mai sauri zai kama jirgin ƙasa. Kuma bai taɓa ganin sha-kauci ya yi tafiya da baya ba. Daga ƙarshe ya sauko, amma irin saukowar Damagarawa.

"Ɗan'uwansa ne," ya ce. "A nan aka haife shi, shi ya sa ba ya zama a gaisa. Kamar 'ya'yanmu."

Edna ba ta bar damar ta wuce ba. Ta kawo wata kwalba mai jan gindi da ƙananan ramuka, irin wadda ake ratayawa don tsuntsun. Ta ce farin sukari awo ɗaya, ruwa awo huɗu, a riƙa zubarwa ana wankewa kafin ya yi tsami. Sannan ta kafa sharaɗi: ba Habibatu ba, ba ni ba, Almu ne zai haɗa, a tsaye a kicin, hannun hagu ya riƙe kwalba. Ranar farko rabin ruwan a ƙasa ya ƙare, rabi a wandonsa. Ya zage ni don na yi dariya, sai na ji daɗi.

Tsuntsun ya karɓi kwalba, ya kuma hana kowa. Akwai wani busasshen reshe a bishiyar da ke fuskantar baranda, nan ya mai da ofis. Duk wani ɗan'uwansa da ya matso sai ya taso masa kamar kibiya, yana wani tsit-tsit, ya raka shi har bayan gini. Ko zanzaro bai ƙyale ba. Almu ya sa masa suna Jandarma.

"Dubi," yakan ce, "ya tare hanya. Sai ka nuna takardu."

"Irin na ƙasarku ne, ko goro ba ya karɓa, sai dai ya kwashe kayan gaba ɗaya."

Cikin 'yan makonni Almu ya bar bin bango ya koma sanda. Bai sauka bene ba tukuna, amma yana zuwa bakin matakala ya leƙa. Habibatu ta daina maganar gadon nan. Na ga ta yi ruku'u a tsaye sau ɗaya, na ce to madalla.

Sai wani matafiyi ya zo daga gida da saƙon ƙanin Almu, zuma ce a jarka, baƙa wuluk mai kauri, an naɗe murfin da leda da roba. Don magani aka aiko ta. Kullum da safe yana shan cokali da habbatus sauda. Lokacin kuma Edna ta tafi gida bikin ƙanwarta, aka turo wani saurayi a madadinta wanda ba ya kallon komai sai agogo.

Na zo wata rana na ga ruwan kwalbar ya zama ruwan ƙasa-ƙasa. Na tambaya.

"Zuma ce," in ji Almu, yana wani ɗaga kai.

"Ba sukari aka ce ba?"

"Sukarin da likita ya hana ni? Abin da aka ce guba ne a jikina shi zan ba baƙo? Haba Bakano. Ku ne kuke ba baƙo ruwa ku ɓoye fura. Mu baƙonmu annabinmu ne."

Ni ma a wurina maganar ta hau. Wa zai haɗa zuma da farin sukari? Abin da Allah ya ambata da waraka? Tun muna yara in an ce abu ya fi kyau sai a ce kamar zuma. Habibatu ta gaya mini ya ma daina shan nasa cokalin, wai kada ta ƙare baƙo bai ƙoshi ba. Shi yake buɗe jarkar da kansa, ya danne ta da hannun hagu, ya dama da cokali har ta narke. Aiki ne mai wuya ga hannun, yana kuma alfahari da shi.

Zubarwa ce bai yarda da ita ba. Sukari a zubar, amma zuma daga Damagaram a tuttule ta a magudana? Wannan almubazzaranci ne. In ta yi ƙasa sai ya ƙara wata a kai. Ga zafin watan Agusta na garin nan, wanda iska ke yin nauyi kamar an jiƙa bargo an lulluɓa wa mutum. Kwalbar tana rataye a rana.

Jandarma ya fara sauya hali. Da ba ya minti a kan kwalba, yanzu sai ya sauka ya daɗe, gashinsa a bubbuɗe, ido a lumshe. Ya daina korar kowa. Wani lokaci harshensa, siriri kamar zare, yana waje bai mayar ba.

"Ka gani?" in ji Almu. "Ya saba da ni. Zuma ta kwantar masa da hankali."

Bayan haka aka wayi gari reshen ba kowa. Washegari ma haka.

Ina nan ranar da Edna ta dawo, ta zo mana da tsarabar citta. Ta fita baranda, ta sauke kwalbar, ta buɗe. Cikin ya yi baƙi-baƙi, warin tsami ya bugo har falo.

"Me aka zuba a nan?"

"Zuma, Madam. Ta gida, ba gauraye."

"Wayyo Baba Almu! Ba a ba su zuma. In ta haɗu da ruwa ta sha rana, lalacewa take yi, ta yi funfuna. Ta kama musu harshe ya kumbura, su kasa sha, yunwa ta..."

Sai ta ga fuskarsa. Amma ta riga ta faɗa.

"Harshe," in ji Almu a hankali. "Na ga harshen."

Ya juya, ya dogara sanda, ya koma ɗaki. Tafiyar ma ta yi kyau, ba ta taɓa yin kyau haka ba. Ya kwanta ya fuskanci bango.

Edna ta bi shi har bakin ƙofa. Ta ce ai mazan su ne ke fara yin kudu, tun kafin matan, kuma lokacin ya yi. Wataƙila Jandarma tafiya ya yi.

"Madam, ni ba yaro ba ne. Kar ki rarrashe ni."

"Ba rarrashi ba ne. Ban sani ba ne, kai ma ba ka sani ba."

Ya ja bargo.

Kwanaki suka tafi, ganye ya fara sauya launi a gefen titi. Edna ta wanke kwalbar ta zuba ruwan sukari, wasu tsuntsayen masu farin maƙogwaro suna zuwa jefi-jefi, Almu ya ce a ja labule. Ƙafar da ta fara saki ta soma ƙagewa. Habibatu ta koma ɗaga shi zuwa banɗaki. Wata rana na sauke ta a wurin aiki, ba ta fita daga motar nan da nan ba.

"Malam Ɗanliti, sun ce in ba su amsa a kan gadon nan kafin sati ya fita. Akwai mai jira."

"Me kika ce?"

"Me zan ce? Jiya da na ɗaga shi sai da na ga wuta a idona. In na faɗi, mu biyu za a kai." Ta gyara ɗankwali. "Ni ce zan riƙa yi masa wanka a can ma, ka ga ba abin da ya sauya sai adireshi."

Ta yi dariya, ni ban iya ba.

Da la'asar na je wurin Almu. Na gwada duk tsokanar da na sani, ta kilishi, ta sefa, ta yaƙin kakanni. Kamar ina magana da katifa. Na gaji, na zauna a bakin gadon, haushi ya fara kama ni.

"Ni abin da ya ba ni mamaki," na ce, "rashin ta-ido. Baƙo ya mutu a gidanka, a kan abincinka, ka ja bargo ka kwanta. Ko gaisuwa ba ka je ka yi wa danginsa ba. A Kano ko maƙiyinka ne ya rasu ka je ka zauna a tabarma. Ashe ku a Damagaram ba a ta'aziyya?"

Na faɗa ne don in ji ya zage ni. Bai zage ni ba. Har na fara jin na wuce gona da iri. Sai ya ce, fuskarsa na bango, "Ina suke zama in ba a ba su kwalba ba?"

Edna na kira. Ta ce akwai wani lambun jama'a a Wheaton da ya haɗe da daji, rafi ya ratsa ta ciki. A bakin rafin wata ciyawa tana yin ƙananan furanni ruwan goro a wannan lokaci, nan suke taruwa su cika ciki kafin tafiya. Amma mota ba ta zuwa wurin, sai an taka.

Ranar Asabar da hantsi na same shi a zaune a falo. Ya sa farar shadda da hula, har da turare, irin shigar da yake yi in an yi rashi a cikinmu. Habibatu ta riga ta tafi aiki, bai gaya mata ba. Edna ta zo, ba ranar aikinta ba ce.

Saukowa daga benen nan ba abin kallo ba ne, ba zan kuma ƙawata shi ba. Edna tana gaba da baya-baya, ni ina bayansa na riƙe wuyan riga. Ta hana ni ɗaukar nauyinsa. Sanda ta fara sauka, sai ƙafar hagu, sai ta dama. A tsakiya ya tsaya ya jingina da bango, gumi ya jiƙa hular. Wata maƙwabciya ta fito da kwandon wanki, ta gan mu, ta koma.

"Bakano, sakar mini riga, za ka yage ta ka ce in saya wata a wurinka."

Na saki.

A lambun mun sami masu gudu da masu tura jarirai, duk suka riƙa kewaye mu. Hanyar ta gangara cikin itatuwa, ƙasa da tsakuwa. Duk bencin da muka tarar sai da muka gaisa da shi. Shaddar ta kwashi ƙaiƙayin ciyawa. Sau ɗaya ƙafar ta turje ya tafi zai kifa, Edna ta tare shi da kafaɗa, aka ci gaba. Ni kaina gwiwoyina sun fara ƙorafi, zaman mota ya cinye su.

Kafin mu ga rafin ya tsaya ya karkata kai.

"Suna nan. Sun fi ɗaya."

Akwai wata 'yar gadar katako, ya dafa ƙarfenta da hannu biyu, har da na hagun. Ciyawar ta cika bakin ruwa, furannin suna reto kamar 'yan kunne. Da farko ban ga komai ba sai ganye yana motsi ba iska. Sai ido ya saba. Ga ɗaya, ga wata can, ga biyu suna bin juna a kan ruwa. In ɗaya ta zura baki sai furen ya sunkuya ya shafa mata goshi. Ba mai zama. Dukansu maƙogwaronsu fari ne.

Almu ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, na san abin da yake nema. Babu ja ko ɗaya.

"Mata ne da 'yan bana," in ji Edna ƙasa-ƙasa. "Manyan mazan sun wuce."

Ya gyaɗa kai. Ya cire hannun dama daga ƙarfen, ya dafa ƙirji, ya ɗan rusuna kamar yadda ake yi in an isa bakin tabarma. Leɓensa ya motsa, ban ji me ya ce ba, ban kuma tambaya ba. Na juya ina kallon wani Bature mai kyamara kamar turmi.

Wani ɗan tsuntsu ya zo ya tsaya a iska daf da hular Almu, wataƙila jan zaren da ke jikinta ya gani. A farin maƙogwaronsa akwai ɗigon ja guda ɗaya, kamar an ɗiga masa tawada. Edna ta ce namiji ne ɗan bana, baɗi zai cika.

"Kurtu ne," in ji Almu. "Bai sami kaki ba tukuna."

Komawa mota ta fi zuwa wuya, don hawa ce. Da ya zauna a kujera sai barci, baki a buɗe, sanda a tsakanin ƙafafu. Na sauke Edna a tashar jirgin ƙasa. A ƙofar gidansu na kashe mota na zauna, ban tashe shi ba, don ban san ta yadda za mu hau benen nan ba, ni ma ba ni da sauran ƙarfi.

A nan Habibatu ta same mu, ta sauko daga bas da kayan aiki a jikinta, tana tafiya a karkace. Ta leƙa ta taga ta ga mijinta cikin shadda mai ƙaiƙayi. Ta dube ni.

"Wa ya sauko da shi?"

"Shi ya sauko da kansa."

"Ka rantse."

"Wallahi. Har bakin rafi ya je ya dawo."

Ta daɗe tana kallonsa. Ba ta yi guɗa ba, ba ta yi kuka ba. Ta ajiye jakarta a kan motar ta dafa ƙugu.

"Zan ce su ba mai jiran," ta ce. "In ya so in ya sake kwanciya, sai mu bi layi kamar kowa." Sannan ta ce, "Edna ta ce sai an riƙa yi kullum ko?"

"Haka ta ce."

"To gobe ƙarfe nawa za ka zo?"

Na tuna fasinjan Lahadi da safe, masu zuwa coci da masu zuwa filin jirgi. Na tuna nan da 'yan makonni ba sauran tsuntsu ko ɗaya a bakin rafin nan, sai sanyi da itatuwa tsirara, kuma ban san da me zan sake tsokano shi ya fito ba. Na ce mata bayan hantsi.

Ta ƙwanƙwasa gilashin a hankali. "Malam, tashi. Akwai bene a gabanka."